A Kula Da 'Yan Amshi

Wannan mako ina so in ja hankalin malaman makaranta da akawuna na ƙasar Gaya da Ajingi bisa wata dukiya da ke zubewa muna kallo, watau waƙar makaɗanmu na gargajiya.

Turawa suna da wani irin wasa da su ke kira opera, wanda a ke ba da labari tun daga farko har ƙarshe da waƙa. A birnin Milan na ƙasar Italiya akwai gidan wannan wasa, La Scala, an buɗe shi tun 1778, har yau ana yi. Ba wai muryarsu ta fi tamu zaƙi ba ne. Dalili shi ne suna renon yara masu murya, attajirai na ɗaukar nauyin koyonsu, masu alƙalami kuwa na rubuta labarinsu a jarida tun ba su zama kowa ba. Ko a Ikko ma ƙungiyar MUSON, da a ka kafa a 1983, tana da makarantar koyon kiɗa da waƙa.

Mu tamu makarantar ita ce amshi. Yaro ya bi ubangida shekara da shekaru, ya ɗauki kotso ko taushi ko kalangu, ya haddace kirari da asalin sarakuna, kana ya sami bakin kansa. Musa Ɗanƙwairo haka ya taso, a bayan mahaifinsa da wansa Abdu Kurna. To, Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Mamman Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Wa zai gaje su, in ɗan amshi ya ga sana'ar ba ta ciyar da shi, ya jingine ganga ya nufi birni?

Na san wani malami zai ce ai wannan roƙo ne. Ni ban ce a goyi bayan zambo da batsa ba. Amma makaɗin noma da ke ƙarfafa samari ran gayya, da makaɗin fada da ke riƙe da sunayen sarakunan Gaya, aikin amfani su ke yi.

Abin da na ke roƙo uku ne. Mai biki ya kira ƙaramin makaɗi na garinsu, ya sallame shi da mutunci. Malamin makaranta ya zauna da tsofaffin makaɗa, ya rubuta waƙoƙinsu, ya ɗauki muryarsu a waya. Wanda ya ji yaro mai fasaha kuwa, a Gafasa ko wani ƙauye, ya rubuto labarinsa a buga a wannan shafi, gama yabon gwani ya zama dole, icce kuma tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Allah ya sa mu gane. Wassalam.

Naku,
Mai Lura, Gafasa.