Jar Fitila Ba Ado Ba Ce: A Duba Mota Kafin A Loda Shanu



Duk wanda ya san kara ya san yadda ake sayen sa. Sai an zagaya shi, an duba haƙori da kofato, an ja ciniki da dillali har rana ta take. To, abin mamaki shi ne, wannan dukiya da aka sha wahalar zaɓenta a Bogo ko Adumri, ita ce za a tura cikin tirelar da ba wanda ya leƙa injinta. A ganinmu wannan ba daidai ba ne, kuma lokaci ya yi da ƙungiya za ta sa baki.

Mu dubi hanyar tukuna. Daga Maruwa zuwa Garwa ya ɗara kilomita 200, daga Garwa zuwa Ngaundare kuma ya kusa 280, ga hawan dutsen nan da ke gaban Mbe wanda ke gwada ƙarfin kowace mota. Tun da layin dogo ya iso Ngaundare a 1974 garin ya zama ƙofar shanun da ke gangarawa Yawunde da Duwala, amma kafin a kai can sai an ratsa ƙasar da zafinta kan wuce digiri 40 a watan Maris da Afrilu. Muddin mota na tafiya, iska na ratsa dabbobi. Da ta tsaya da tsakar rana, to ƙarfe ya zama tanda. Wanda ya gaji ya kwanta, sauran su tattake shi, waɗanda suka tsira kuma su isa kasuwa a rame. Mai mota zai gyara motarsa. Mai shanu fa, wa zai gyara masa mushe?

Abu na farko shi ne batir. Akasarin manyan motoci da batir biyu suke aiki, kowane mai bolt 12, a haɗe su ba da 24. In ɗaya ya mutu aka sa sabo kusa da tsoho, cajin ba ya raba daidai, tsohon sai ya ja sabon su tafi tare. Saboda haka biyun ake canzawa lokaci guda. Wajen cirewa a fara kwance wayar da ke da alamar ragewa, wajen ɗaurawa kuma ita ce ta ƙarshe, don kada sifana ta taɓa jikin mota wuta ta tashi. Zafin ƙasarmu yana shanye ruwan batir, kuma ruwan batir na kanti ake ƙarawa, ba na rijiya ba. Tun faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994, lokacin da kayan gyara na waje suka yi tashin gwauron zabo, mutane da dama suka saba da sayen na kwance. Amma araha ba ta ado. Kuɗin sabon batir biyu bai kai kuɗin bijimi ɗaya mai ƙiba ba.

Na biyu, fitilun gaban direba. Idan fitilar batir ta kama ana cikin tafiya, ma'anarta caji ya tsaya, kuma sau da yawa fambel ne ya tsinke. A injuna da dama wannan fambel ɗin shi ke juya famfon ruwa, wato zafi na nan tafe. Idan ta baƙin mai ce, a kashe inji nan take, domin mintoci kaɗan sun isa ya ƙone. Idan allurar zafi ta hau, a tsaya, kuma kada yaron mota ya buɗe murfin lagireto sai ya huce. Ita kuwa ƙarar iskar birki, duk direban da ya ji ta ya tunkari gangaren dutse, ya sayar da ransa da dukiyar mutane. Akwai masu liƙe fitilar da baƙin salatif, akwai masu cire ƙwanta gaba ɗaya, wai tana damunsu. Wannan kamar mutum ne ya ɗaure bakin karensa don ɓarawo ya bar shi ya yi barci.

Na uku, wankin inji. Wani zai ce ai motar shanu ba ta amarya ba ce. Gaskiya ne, amma ba don kyau ake yi ba. Ƙurar hunturu da ciyawa suna toshe lagireto, kuma injin da mai da ƙasa suka lulluɓe ba a gane inda yake yoyo. Sai dai wankin ma da ƙa'idarsa: a bari inji ya huce, a rufe na'urar caji da akwatin fis da bakin shan iska da leda, kada a yi amfani da fetur, a kankare farin garin da ke kan batir a shafa giris. Aikin jajibirin lodi ne, ba na safiyar tashi ba.

Mun san abin da wasu za su ce: gyaran mota na mai mota ne, mu haya muka biya. Haka ne. Amma a gaya mana, wane ne ke zaune kusa da direba yana cewa "malam taka, kada kasuwa ta wuce mu" alhali fitila ta yi ja? Sau da yawa mai kaya ne ko yaronsa. Direban da ya san za a rage masa kuɗi in ya makara, dole ya rufe ido. Wasu kuma za su ce dubawar ɓata lokaci ce. Rabin sa'a a tasha da kwana biyu a daji, wanne ya fi tsada?

Don haka muna kira ga shugabannin ƙungiya a Maruwa da Garwa, da abokan hulɗarmu na Kusiri da Mubi, a zauna da masu motoci a tsai da magana uku. Ɗaya, kada a loda ko maraƙi sai an ta da mota a gaban wakilin ƙungiya, an ga fitilu sun kama da aka murɗa makulli, sun kuma mutu da inji ya tashi. Biyu, direban da ya tsaya saboda jar fitila kada a ci shi tara. Uku, a rubuta tun kafin tashi wanda zai ɗauki asara in mota ta mutu saboda sakaci, a gaban shaidu, don a huta da shari'ar bayan fage.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka, amin.