Koyar Da Tsara Sanarwa Cikin Darasin Rubutu: Bukatar Da Ke Gaban Kwalejojinmu

Sanin kowa ne cewa kafin faɗuwar damina a kowace shekara, Hukumar NiMet mai hasashen yanayi da Hukumar NIHSA mai lura da ruwayen ƙasa sukan fitar da gargaɗin ambaliya. Idan ba mu manta ba, ambaliyar shekarar 2020 ta shanye gonakin shinkafa masu yawa a fadamun Gulbin Rima, tun daga Augie da Argungu har zuwa Birnin Kebbi. Abin dubawa shi ne surar da gargaɗin kan isa ƙauye da ita. Sau da yawa yakan zo ne a doguwar wasiƙa ta Turanci mai ƙananan haruffa, a liƙa ta a bangon sakatariya, manomi ya wuce ta bai san da shi ake magana ba.

Bisa la'akari da haka muke ganin lokaci ya yi da darussan rubutu a manyan makarantunmu za su haɗa da koyar da tsara shafi, wato zaɓen hoto da launi da girman harafi da wurin da kowane bayani zai zauna. Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu ita ce ke yaye da yawa daga cikin malaman firamarenmu, yayin da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, ke samar da ma'aikatan ofisoshinmu. Hannun waɗannan ɗalibai ne zai rubuta sanarwar gobe.

Misalan koyarwa kuwa suna nan a gabanmu. Gorar maganin feshi tana ɗauke da zanen launi a ƙasanta: ja na nuna guba mai tsanani, rawaya matsakaiciya, shuɗi mai sauƙi, kore kuma mafi ƙarancin haɗari. Da alamar jam'iyya mai zaɓe ke gane inda zai dangwala a takardar ƙuri'a. Haka nan takardun Naira 200 da 500 da 1,000 suna ɗauke da rubutun ajami, wanda dubban mutanenmu da suka yi makarantar allo ke karantawa ba tare da wahala ba.

Saboda haka, maimakon insha'i kaɗai, sai malami ya ba ɗalibi gargaɗin ambaliya mai shafi uku, ya nemi ya mayar da shi fosta guda: saƙo ɗaya a sama da manyan haruffa, taswirar ƙauyukan da abin ya shafa, kibiya mai nuna tudun da za a koma, sannan bayani cikin boko da ajami. Daga nan ɗalibin ya kai fostar kasuwa, ya nuna wa mutum goma ba tare da ya yi musu bayani ba. Abin da suka gane shi ne makinsa.

Akwai masu cewa wannan zai rage lokacin koyon nahawu da ƙa'idojin rubutu, ga kuma ƙarancin kwamfuta da wutar lantarki. Ƙorafin yana da tushe, amma kwali da alƙalami mai launi sun isa a fara, kuma wanda aka tilasta wa taƙaita shafi uku zuwa layi biyar dole ya ƙware wajen zaɓen kalma.

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da malaman gona da jami'an lafiya su riƙa miƙa wa kwalejojin nan ainihin sanarwar da suke son yaɗawa, domin ɗalibai su yi gwaji da ita kafin ruwa ya sauka. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga ambaliya.