Ku Bar wa Yara Taga

Duk wanda ya taɓa zama a ofishin masu yankan tikitin jirgin sama, ko ya ga ɗa yana latsa waya zai kama wa mahaifinsa wuri, ya san abin da ake fara cewa: a samo ta taga, kuma ta gaba. Ba a tambayar wane irin jirgi ne, ba a tambayar awa nawa za a yi a sama. An riga an yanke cewa taga ita ce gata, gaba kuma ita ce girma. Kamfanonin jiragen sama sun daɗe da gano wannan raunin namu, suka ɗora masa farashi. Ka biya kuɗin tikiti, sannan a buɗe maka taswirar kujeru mai launi-launi a ce ka ƙara wani abu idan kana son zaɓi. Mutane kuwa na biya da murna.

A ƙaramin jirgi mai hanyar wucewa guda ɗaya, irin Boeing 737 ɗin da ke jigila tsakanin Kano da Legas, ba ni da ja sosai. Amma a ƙaton jirgi mai faɗin ciki, mai hanyar wucewa biyu, a tafiyar cikin gida ta awa ɗaya ko biyu, wannan shawara ɓata ce. Kujerar taga a irin wannan jirgi tana cikin mafi takura, kuma wadda ta fi kowacce daɗi ita ce wadda ake rainawa: ta bakin hanya a rukunin tsakiya, daidai saitin fiffike.

Wani zai ce ina ruwan ƙaton jirgi da tafiyar cikin gida. Akwai ruwansa. Japan ce uwa a nan. Filin jirgin Haneda da ke Tokyo ya cika har ba damar ƙara yawan sauka da tashi, sai kamfanoni suka koma ƙara girman jirgin. Boeing ya ƙera musu samfurin 747SR musamman don gajeren zango, kamfanin JAL ya fara aiki da shi a 1973, daga baya aka kawo 747-400D wanda wasu ke ɗibar mutum fiye da 550 a tashi ɗaya. Yau A350 da 777 da 787 ne ke kai-komo tsakanin Tokyo da Sapporo da Fukuoka da Okinawa. A Saudiyya ma haka abin yake: kamfanin Saudia ne ya fara karɓar samfurin A330-300 na gajeren zango a 2016, kuma mai Umarar da ya bi ta Riyad zuwa Jidda yana iya tsintar kansa a cikin irinsa. Mu ma mun taɓa yi. Jirgin Nigeria Airways da wasu matasa huɗu suka karkatar zuwa Yamai a watan Oktoba na 1993, A310 ne, kuma daga Legas ya taso zai tafi Abuja. Mafi yawan mutanenmu dai a jigilar alhazai suka san cikin irin waɗannan jirage, a 747 ɗin Kabo Air da na Max Air, kuma lissafin kujerun bai canza ba ko an tsallaka iyaka ko ba a tsallaka ba.

To mu yi lissafin. A 747, da yawancin 777 na yanzu, kujeru goma ne a jere guda: uku a hagu, huɗu a tsakiya, uku a dama. Biyu ne kawai ke jikin taga. Wanda ya zauna a can, mutum biyu ne tsakaninsa da hanya, kuma duk abin da zai tashi yi sai ya tayar da su. Wanda ya zauna a bakin hanya a wannan rukunin na gefe, mutum biyu ne za su riƙa tayar da shi. Amma na bakin hanya a rukunin tsakiya, mutum ɗaya tak ke iya damunsa, domin sauran biyun suna da tasu hanyar ta ɗaya ɓangaren. A 787 da A350, inda aka fi jera uku-uku-uku, abin ya ma fi daɗi: mutum ɗaya ne a tsakiyar rukunin, kuma yana da mafita biyu. Idan shi da matarsa ne, ta wajenta zai fita, kai ba ruwanka. Sannan tunda kowa na gudun tsakiya, kujerun can ne ke cika a ƙarshe. Ranar da jirgi bai cika ba, wanda ya zaɓi bakin hanyar tsakiya shi ya fi kowa damar samun fili a gefensa, ya ajiye hula da carbi ya miƙe hannu.

Ga abin da masu taswira ba sa nunawa. Ɗa ya kira mahaifiyarsa cike da alfahari: "Hajiya, na sama miki ta taga, za ki ga gari sosai." Ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Aka shiga jirgi, ta lallaɓa ta shige can ƙurya, sai ga maza biyu baƙi sun zauna sun rufe ta. Hajiya na da ciwon suga, ta sha ruwa kafin a taso. Jirgi ya daidaita a sama, aka kashe alamar ɗaura bel, na kusa da ita ya buɗe ɗan teburinsa ya ɗora kofin shayi, na bakin hanya ya ja hula ya rufe ido. Yanzu ta yaya dattijuwa mai kunya za ta taɓa kafaɗar namijin da ba ta sani ba, ta ce ya tattara shayinsa, ya tashi na kusa da shi, su miƙe su biyu suna kallonta tana jan mayafi da gwiwa mai ciwo? Ba za ta yi ba. Za ta daure, ta ƙi karɓar ruwan da ma'aikaciyar jirgi ta miƙo, ta riƙa duban gajimare tana ƙirga mintoci. Ɗanta kuwa yana gida yana ganin ya kyauta. Haka dattijon da ke son sabunta alwala kafin a sauka, haka mai goyo, haka dogon mutum da ƙafarsa ke neman inda za ta ɗan fita.

Kuma me ake gani a tagar? Tashi da sauka, minti kaɗan. Sauran tafiyar gajimare ne, ko hazo, ko baƙin dare. Jeri da yawa a tsakiyar 777 abin da ke ƙarƙashin tagarsu fiffike ne shimfiɗe, faɗinsa ya toshe ƙasa gaba ɗaya. Akwai ma kujerun da ake sayarwa da sunan na taga alhali bango ne a gefensu, saboda bututun iska ya bi ta wurin. A 787 babu labulen da kake ja da hannu. Maɓalli ne ke rage hasken gilashin, kuma ma'aikatan jirgi na iya duhunta tagogin duka daga wurinsu. Ka biya kuɗin kallo, wani ya riƙe makullin. Yaro ɗan shekara takwas da bai taɓa ganin bayan gajimare ba, shi ya cancanci taga, kuma a ba shi da zuciya ɗaya. Babban da ya hau jirgi sau da dama yana kokawar taga, ban san abin da yake nema ba.

Sai batun gaba. Hujjar ita ce wai a riga kowa fita. Amma jirgi mai hanya biyu ya fi mai hanya ɗaya saurin zubar da mutane, kuma inda aka ajiye jirgi nesa aka kawo matakala da bas, sau da yawa ƙofar baya ma buɗewa ake yi. Wanda ya riga sauka shi ke fara shiga bas, ya tsaya a matse yana jiran ta cika. Idan kuma akwai akwati a ƙasan jirgi, duk a gaban na'urar da ke juyo da kaya za a haɗu, mai jeri na goma da mai jeri na hamsin. Gaskiya ɗaya da gaba ke da ita: ƙarar inji ta fi sauƙi a gaban fiffike fiye da bayansa. Ita kuwa gargadar iska a saitin fiffike ta fi lafawa, domin nan ne tsakiyar nauyin jirgi, wutsiya ce ke shan lilo. Mai saurin tashin zuciya ya nemi tsakiya.

Kujerun bakin ƙofar gaggawa su ne kamfanoni suka fi tsawwala wa kuɗi, ana cewa akwai wurin miƙe ƙafa. Akwai. Amma a yawancinsu tebur a cikin hannun kujera yake naɗe, don haka hannun ba ya ɗaguwa, wurin zaman ya ragu. Ba a barin jaka a gabanka lokacin tashi da sauka. Sanyi na tsirtowa daga jikin ƙofa. A manyan jirage ban-ɗaki da wurin haɗa abinci galibi a nan suke, sai filin da ka saya ya zama dandalin masu jiran layi. Kuma wurin aiki ne: wanda ya zauna a nan ya yarda zai taimaka idan ta ɓaci, shi ya sa ba a ba yara da marasa lafiya da waɗanda ƙarfinsu ya ƙare. Jerin da ke fuskantar bango kuwa nan ake maƙala gadon jarirai. Wanda ya biya don ya samu barci ya san da wannan.

Zan yi wa taga adalci a wuri biyu. A A330 kujerun biyu-huɗu-biyu ne, a 767 biyu-uku-biyu. Miji da mata su kama biyun gefe, babu baƙo a tsakaninsu, wannan kam babu kamarsa. Sannan ba kowace tafiyar cikin gida ce gajera ba. Daga Sidni zuwa Perth a Ostiraliya awa huɗu zuwa biyar ne, daga Paris zuwa tsibirin Réunion, wanda yanki ne na Faransa, kusan awa goma sha ɗaya. Mai son jingina kai ya yi barci a irin wannan zango yana da hujja. Tsakanin Riyad da Jidda, kafin barci ya yi nauyi an fara sanarwar sauka.

Akwai kuma masu cewa a zauna can baya don tsira. Abin da suke kafa hujja da shi gaskiya ne: jirgin JAL mai lamba 123, ƙirar 747SR, da ya taso daga Tokyo zuwa Osaka ranar 12 ga Agusta, 1985, ya faɗa kan dutse da mutum 524, huɗu suka rayu, dukkansu a baya suke zaune. Amma haɗari ba iri ɗaya ba ne, kuma babu wanda ke ba ka labarin irin wanda zai zo. Abin da ya fi koya mana darasi wasu jirage biyu ne da dukkansu suka kai ƙasa da mutanensu a raye.

Ranar 19 ga Agusta, 1980, jirgin Saudia mai lamba 163, ƙirar TriStar, ya tashi daga Riyad zuwa Jidda. Wuta ta kama a ma'ajiyar kaya ta baya. Matuƙin ya juyo ya sauka lafiya a Riyad, amma bai tsaya nan take ba, ya ci gaba da tafiya a kan titin jirgi, injuna ba su mutu da wuri ba, ba a fitar da kowa ba. Sai bayan fiye da minti ashirin masu ceto suka iya buɗe ƙofa daga waje. Mutum 301 da ke ciki duk hayaƙi da wuta sun gama da su. Babu lambar kujerar da ta yi wa wani rana. Ranar 2 ga Janairu, 2024, jirgin JAL mai lamba 516, ƙirar A350, ya taso daga Sapporo, yana sauka a Haneda ya yi karo da ƙaramin jirgin masu gadin teku. Biyar daga cikin shida na ƙaramin jirgin suka rasu. Babban ya kama da wuta, na'urar sanarwa ta daina aiki, ma'aikata suka koma amfani da lasifikar hannu da muryarsu. Ƙofa uku kawai cikin takwas aka iya buɗewa. Mutum 379 suka fita da ransu, jirgin ya ƙone ƙurmus. Abin da aka fi yaba wa fasinjojin shi ne sun bi umarni, sun bar kayansu.

Kafin a ba irin waɗannan jirage izinin ɗaukar mutane, sai an nuna cewa za a iya kwashe kowa cikin daƙiƙa 90 da rabin ƙofofi kawai. Farfesa Ed Galea na Jami'ar Greenwich a Ingila, wanda ya yi nazarin yadda mutane ke kuɓuta daga jirage masu ci da wuta, ya gano cewa waɗanda ke cikin jeri biyar daga ƙofa sun fi samun fita, kuma na bakin hanya sun ɗan fi na ƙurya. Wato ko a nan ma taga ba ta ci ba. Mai bakin hanyar tsakiya yana da hanya a gefensa, idan ta toshe kuma yana iya ratsawa zuwa ɗaya hanyar.

Abin da ya fi kuɓutar da mutum ba a sayar da shi a taswira. Ka zauna, ka ƙirga jeri nawa ne tsakaninka da ƙofar gaba da ta baya, domin cikin hayaƙi da hannu ake lalube. Ka bar takalminka a ƙafa har a tashi, ka mayar kafin a sauka. Ni abin da ke ba ni tsoro a jiragenmu ba wurin zama ba ne. Tayoyi na taɓa ƙasa, jirgi bai ko tsaya ba, rabin mutane sun miƙe suna fizgo jakar tsaraba daga sama, ma'aikaciya na roƙo, "Alhaji, don Allah a zauna," Alhaji na amsa waya. Da mu ne a Haneda ranar nan, da wani ya tsaya neman ledar dabinonsa a bakin ƙofa da mutum ɗari a bayansa.