Layar Zana a Ofishin Gwamnati: Darasin Falsafa Daga Fim

Da yawa daga cikinmu mun rabu da falsafa tun a ajin farko na jami'a, muna ganinta fanni mai tsauri wanda ba ya kawo abinci. Amma akwai wani rukunin littattafai da ke shigo da ita ta ƙofar da kowa ya sani, wato fina-finai da ƙagaggun labarai, kuma ina ganin ma'aikacin gwamnati ya fi kowa buƙatarsu.

William Irwin, malamin falsafa a Amurka, na cikin waɗanda suka yayata wannan salo. A 2002 ya shirya littafin The Matrix and Philosophy, inda masana suka ɗauki fim ɗin nan na 1999 suka warware tsohuwar tambayar da Aflatun da Descartes suka yi fama da ita: ta yaya mutum zai tabbatar abin da idonsa ke gani gaskiya ne? A 2003 kuma aka fitar da The Lord of the Rings and Philosophy, wanda Gregory Bassham da Eric Bronson suka shirya. A kansa nake son tsayawa.

Cikin littafin an gwama zoben labarin Tolkien da wani zobe da Aflatun ya ambata fiye da shekara 2,300 da suka wuce. Wani makiyayi ne ya tsinci zoben da ke ɓatar da shi daga idon jama'a, abin da Bahaushe zai kira layar zana. Da ya tabbata ba mai ganinsa, sai ya shiga fada, ya yaudari matar sarki, ya kashe sarkin, ya haye karaga. Tambayar ita ce: mutum yana riƙon gaskiya don ita kanta, ko don tsoron a kama shi?

Duk wanda ya taɓa riƙe fayil ɗin kwangila a ofis bayan kowa ya tashi, ko hadimin da ke zaɓar takardar da za ta isa teburin minista da wadda za ta kwana a aljihun tebur, ya san nauyin wannan tambaya. A labarin Tolkien, masu hikima irin su Gandalf sun ƙi karɓar zoben saboda sun san kansu, shi kuwa Frodo, duk da kyakkyawar zuciyarsa, ya gaza jefar da shi a ƙarshe. Darasin ya fito fili: ikon da babu mai sa masa ido yana cinye mai shi, ko da salihi ne. Wanda ya fahimci haka zai daina kallon mai binciken kuɗi a matsayin abokin gaba.

Masu suka suna cewa irin waɗannan littattafai kasuwanci ne, ana raɓewa da sunan fim don a sayar da ilimi maras zurfi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin wasu babukan ba su wuce hira ba. Sai dai koyar da hikima ta hanyar labari tsohuwar al'ada ce. Ibn Tufail na Andalus ya yi haka a ƙarni na 12 da labarin Hayy ibn Yaqzan, kuma a wurinmu aku ne ya yi wa ɗan sarki tarbiyya da labarai a Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Zaure ne waɗannan littattafai, mai son ganin cikin gida sai ya ƙarasa ga Aflatun da kansa.

Shawarata ga abokan aiki ita ce a nemi ɗaya daga cikinsu a karanta babi guda a ƙarshen mako. Ranar Litinin, in aka zauna da biro a hannu, ƙofa a rufe, sai kowa ya tambayi kansa abin da zai sa wa hannu da yana sanye da zoben makiyayin nan.