Darasin da muka koya daga M.A. Abubakar



Barista Muhammad Abdullahi Abubakar ya karanta shari'a a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ya riƙe Kwamishinan Shari'a na Jihar Bauchi, ya kuma yi aiki a hukumar zaɓe ta INEC. A 2015 guguwar Buhari ta kai shi Gidan Gwamnati. A 2019 mun sake zaɓen Buhari, amma kujerar gwamna sai muka miƙa wa Bala Muhammad na PDP bayan zaɓen raba gardama.

Ashe mutumin Bauchi ya daina yin "sak". Ilimi da inuwar babba na iya kai mutum kujera, amma gamsuwar talakawa ce ke zaunar da shi. Masu neman ƙuri'armu su kiyaye, mu kuma mu adana katin zaɓenmu.

Allah ya ba mu shugabanni nagari.