Gombe: a fara da mai gyaran amarya kafin mai gyaran jirgi

A Amurka akwai kwalejojin shekara biyu da ke koyar da sana'a, inda a haraba ɗaya za a tarar da saurayi yana kwance injin jirgin sama, a wani ɗakin kuma budurwa tana koyon gyaran gashi da fata. Babu wanda zai tsaya da ƙafarsa a aikin a cikinsu sai da lasisi. Na makanikin jirgi hukumar sufurin sama ta ƙasar ce ke bayarwa, mai kwalliya kuwa a jihohi da dama sai ta shafe awa 1,500 tana koyo kafin ta zauna jarrabawa. Mutumin Gombe zai yi dariyar wannan haɗi, don a wurinmu gyaran jirgi ilimi ne, kwalliya kuwa "abin mata". Ni dai ina ganin idan jihar za ta zuba kuɗi a ɗaya daga cikin biyun, to kwalliyar ce ta cancanta.

Dalilin farko shi ne inda aikin yake. Filin jirgin Lawanti, wanda aka gina zamanin Gwamna Danjuma Goje, ya yi rana, musamman wajen jigilar alhazai, amma jiragen da ke sauka can baƙi ne: su sauke fasinja, su kwashi wasu, su tashi. Makanikin jirgi ba a allo yake ƙwarewa ba. Sai da rumfar gyara, da injin da zai taɓa, da shekaru a ƙarƙashin gwani, kafin hukumar sufurin sama ta Najeriya, NCAA, ta ba shi lasisi, shi ma bisa samfurin jirgin da ya sani. Ko a Legas sai a 2018 kamfanin Aero Contractors ya kammala babban gyaran Boeing 737 na farko a cikin gida, har yau kuma ana kai jirage ƙasashen waje. Ga shi Zariya tana da kwalejin koyon tuƙi da gyaran jirgi tun 1964, Kaduna na da cibiyar fasaha ta sojojin sama. Abin da Gombe za ta yi a nan bai wuce ta zaɓi yara masu ƙoƙari a lissafi da kimiyya, ta biya musu kuɗin karatu a Zariya ba.

Kwalliya fa? A zaga Jekadafari, Pantami, Bolari ko Tudun Wada ana gab da salla, ko ranar da biki ya kankama. Mai kitso ba ta da lokacin cin abinci, mai ƙunshi ta jera 'yan mata a tabarma, ƙafafu ɗaure da leda, mai dilka da halawa ta tsare amarya kwana da kwanaki a ɗaki cikin hayaƙin turare. Kuɗi ne ke shiga hannun mata, da yawansu ba tare da sun bar gida ba. Matsalar tana cikin robar da ba ta da suna. Ana haɗa mai kala uku ko huɗu a ce "haɗin amarya", alhali mai haɗawar ba ta san me ke ciki ba. Wasu mayukan bilicin na ɗauke da makuri, wanda ke lalata ƙoda, wasu kuma da sinadarin da ke siranta fata har ciwo ya ƙi warkewa. Baƙin lalle da ake gauraya wa rinin gashi yana tayar wa wasu ƙuraje masu ruwa, zanen ya koma tabo. Reza ɗaya a kan mutum biyar hanyar ciwon hanta ce. Ba banza ba hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin lamarin gaggawa a 2023, tana kafa hujja da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna shafa man ƙara haske. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Za a ce ai sana'ar gado ce, daga uwa ko inna ake koyonta, me aji zai ƙara? Gaskiya ne babu malamin da zai koya wa mai kitson Herwagana yadda ake shuku. Sai dai kakarta da lalle da kurkur ta yi aiki, ita kuwa da kwalaben kamfani masu rubutun da ba ta iya karantawa. Karanta abin da ke jikin kwalba, gwada rini a bayan kunne kafin a shafa, dafa kayan aiki, gane fatar da ya kamata a tura asibiti, da lissafin uwa da riba, waɗannan ba a gadon su.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: da zarar an ce takarda, an buɗe ƙofar karɓar na goro da korar bazawarar da ke ciyar da marayu da kitso. Wannan tsoro yana da tushe, shi ya sa bai kamata a kwafo tsarin Amurka na hana aiki sai da lasisi ba. A bar takardar ta zama ta ganin dama, kwas na 'yan watanni, da Hausa, da yamma, mata na koyar da mata. Wadda ta gama ta rataye shaidarta a shago, masu kawo amare su zaɓa da kansu. Wurin yi ma akwai shi: Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha tana cikin garin Gombe tun 1977, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a Bajoga, hukumar NABTEB kuma tuni tana shirya jarrabawar wannan fanni. Kayan aikin ajin kujeru ne, da madubai, da tukunyar dafa almakashi, sai ma'aikaciyar jinya ɗaya da za ta riƙa zuwa sau ɗaya a mako tana nuna musu yadda fatar da mai ya ƙona take.