Ba Dole Sai Zane Ya Yi Kama Da Mangwaro Ba



A darasin zane, akan ajiye mana kofi ko mangwaro a kan tebur, a ce mu zana. Wanda nasa ya fi kama, shi ke cinye maki. Wanda nasa ya karkace kuwa, sai a yi masa dariya, ya ce shi ba shi da baiwa, ya daina gwadawa. Mu a ganinmu, ana asarar masu fasaha da yawa ta wannan hanya.

Akwai wani irin zane da ba ya kwaikwayon mutum ko dabba ko bishiya. Launi ne da layi da siffa kawai, kuma masu yin sa sun gwada dabaru iri-iri. Daga shekarar 1947, wani Ba'amurke mai suna Jackson Pollock ya riƙa shimfiɗa ƙyallen zane a ƙasa, yana zagaya shi, yana ɗiga masa fentin gida da sanda. A 1952 kuma, wata Ba'amurkiya, Helen Frankenthaler, ta tsinka fentinta ya yi ruwa-ruwa, ta zuba a kan ƙyalle, ya shanye kamar yadda yadi ke shan rini.

Wasu za su ce ai wannan jagwalgwalo ne, ko jariri zai iya. To amma Pollock sai da ya yi shekaru yana koyon zane a wata makaranta a birnin New York. Kuma ɗiga fenti yana da lissafinsa. In ya yi kauri ba zai zubo ba, in ya cika ruwa sai ya malale. Saurin hannu ne ke sa layi ya fito siriri ko mai faɗi.

Mu ma wannan ba baƙonmu ba ne. Ku dubi aikin hula, da saƙar faifai, da dagin da ke bangon tsofaffin gidajen Kano da Zariya. Wa ya taɓa tsayar da mai hula ya ce, "Wannan hoton mene ne?" Kyansa kawai muke gani.

Saboda haka muna roƙon malamanmu, ko sau ɗaya ne a kowane zango, a ba mu ranar gwaji. Ba sai iyayenmu sun sayi fenti mai tsada ba. Gawayi zai ba mu baƙi, zoɓo ya ba mu ja, gangamau ya ba mu rawaya. Tsinken tsintsiya da soso da tsohon kwali sun ishe mu kayan aiki. Kowa ya tashi ya yi bayanin dalilin da ya sa ya zaɓi launukansa, a ba shi maki a kan haka.

Ba mu ce a ɗauke mangwaro daga tebur ba, domin da koyo akan iya. Muna dai so wanda ya kasa zana shi ya san cewa akwai wata ƙofar. In an yarda, a jikin wannan allon za mu manna muku ayyukan farko.